Ƙirjin Baba Manu Ba Ya Bugawa

Jama'a ku taya ni murna, sakamako ya fito, yaronku ya haye! Nafi'u na Gesse yanzu injiniyan injinan asibiti ne, da takarda da tambari, ba na fatar baki ba. Tun safe 'yan ajinmu sun cika guruf da "Injiniya sai ka wanke muna." Za a wanke, ku kwantar da hankali. Amma da yawanku kuna tambaya wai ya Indiya take, kuna zaton rawa nike cikin ruwan sama da fulawa a hannu. To ku gyara zama, yatsuna sun ɗau zafi, yau sai na zazzage muku.

Zangon farko wanki ne. Kuma ba Ba'indiye ya wanke ni ba, namu ne, wani gaye da munka haɗu a intanet, wai shi ke sama wa sababbin ɗalibai ɗaki. Ya turo mani hoto: ɗaki fes, taga, fanka, har da fulawa cikin tukunya. Da na isa na ishe ɗakin bisa shagon niƙan yaji yake. Fulawar dai tana nan, ta roba. Gayen kau lambarsa ta mutu tun ina filin jirgi. Daga safe har la'asar ƙasan ɗakin rawa yake, kofi ya yi tafiya da kansa bisa tebur, ni kuma atishawa har idona ya yi ja. Na yi kuka, ba ƙarya. Shinkafa ga ta ko'ina, amma ba ta da ƙamshin ta Zauro, kuma ba wanda ya san a tuƙa ta. Matar mai shagon, tsohuwa, ba ta jin Turanci, ni ba ni jin yarensu, ita ta lura ina ramewa. Kullum ta hawo da kwanon shinkafa da nono, ta tsaya bakin ƙofa, ba ta sauka sai ta ga na kai loma. Har na baro ƙasar ban iya faɗin sunanta daidai ba. Allah shi saka mata da alheri.

Zango na biyu, asibitin zuciya, inda makaranta ta tura mu koyon aiki a shekarar ƙarshe. Ranar farko shugabar sashen, wata Sista gajera mai tabarau, ta kai mu ɗakin da majinyata ke hutawa. Tsakar rana ce, ana tsuga ruwa waje. Tsofaffi zaune bisa kujeru, kowa da baƙar jaka rataye a kafaɗa, wata igiya awa wayar caji ta fito daga ƙarƙashin riga ta shige jakar. Sista ta nuna wani dattijo mai karatun jarida tac ce, "Najeriya, zo ka ƙirga mani bugun jijiyar Ankul." Haka suke kiran dattijo a can.

Nic ce wanga ai ko ɗan firamare ya iya. Na kama wuyan hannunsa. Shiru. Na gyara yatsu. Shiru. Na koma ɗaya hannun, na taɓa gefen wuyansa. Wallahi babu komai. Hannu da ɗumi, mutum na ƙifta ido, amma ciki ba abin da ke motsi. Ya juya shafin jarida, ya dube ni ta saman tabarau, ya tambaye ni ko na ci abinci. Sista ta maƙala mani abin sauraren ƙirji a kunne ta ɗora bisa ƙirjinsa. Ina jiran dum-dum, dum-dum. Abin da na ji shi ne zuuuuu, siririn kuka mai tafiya ɗaya, ba hawa ba sauka. Na cire abin, na dubi sauran tsofaffin. Duk suna kallona suna murmushi. Sannan na gane kowane ɗaya cikinsu haka yake. Ɗaki cike da mutane, ba bugu ko ɗaya.

Ran nan ban iya cin shinkafar tsohuwa ba. Ina ta taɓa hannuna ina duba nawa.

Na fara sabawa ke nan, wata rana da hantsi ina tura keken kayan aiki a baranda sai na ji murya bayana: "Kai, wanga ruwa nasu ba shi gajiya?" Jama'a, Hausar gida! Ba ta Kano ba, tamu. Na saki keken na juya. Wani dattijo ne bisa kujerar guragu, hula a karkace, ƙafafu a kumbure awa an hura, wani mai babbar riga na tura shi.

Nic ce, "Baba, ina kwana? Daga ina?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Argungu. Kai hwa?"

"Birnin Kebbi, Gesse."

"Af, ɗan kwatas. Kun san kihi cikin kwano ɗai." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, sai da munka jira shi ya dawo.

Baba Manu ke nan. Da ƙuruciya masunci ne, da ya manyanta ya koma noman albasa da shinkafa a fadama. Mai tura shi ɗansa ne, Alhaji Lawal. Zuciyar Baba ta gaji, ɓangaren hagu da ke tura jini cikin jiki ya saki, ba ya iya gama magana ɗaya sai ya huta a tsakiya. Bizar Alhaji ta kusa ƙarewa, dole ya koma ya sabunta, ya riƙe hannuna yac ce, "Ɗan uwa, ga amana." Haka na zama tafinta, ɗan aike, jika, duka a haɗe.

Likita ya zaunar da mu yac ce sai dai a dasa wa Baba famfo a gindin zuciya, ya riƙa ɗibar jini yana turawa. Ya yi bayani da Turanci mai tsawo, ya dube ni. Na rasa ta inda zan kamo, sai fadama ta faɗo mani.

Nic ce, "Baba, ka san jigo?"

"Ni za ka tambaya jigo? Da shi na bayar da ruwa tun ubanka bai yi kaciya ba."

"To famfon iri biyu ne. Na da awa jigo yake: ya nutsa, ya cika, ya juye, ya koma. Cika, juye, cika, juye. Jini na tafiya da bugu, yadda zuciya ke yi. Amma ƙato ne, ga ƙara, ga sassa da yawa masu motsi, suna saurin cinyewa. Na yanzu awa injin ban ruwa yake. Ƙarami ne, abu ɗaya ke juyawa ciki, ruwa na zuba ba tsayawa. Ya fi daɗewa."

Ya gyaɗa kai. "Inji ya hi jigo, wanga ba gardama. Mi ar ribar jigon?"

"Jiki ya saba da bugu, Baba. Da na yanzu wasu kan yi haɓo, wasu jini kan tsattsafo a hanji, ga maganin sirka jini kullum. Kuma..." Na tsaya. Likita na kallona. Nic ce, "Kuma in an taɓa hannunka ba za a ji komai ba."

Baba ya naɗe hannun riga. Ya ɗora yatsunsa bisa nasa hannun.

"Ina da rai?"

"Kana da rai."

"A taɓa ni a ji shiru?"

"Eh, Baba. Wani lokaci a ɗan ji kaɗan-kaɗan, amma yawanci shiru."

"Ce mai shi sa mani jigon."

Na faɗa wa likita. Yac ce an daina sa irin wancan a nan tun tuni. Gaskiya ne, ni ma cikin kabad ɗin makaranta kawai na taɓa ganinsa, ana nuna muna awa kayan tarihi. Baba yac ce to a mai da shi gida.

Daga nan cakwakiya ta fara. Alhaji ya kira ta bidiyo ya yi roƙo, Inna matar Baba ta yi kuka, Baba ya juya fuska bango. Kumburin ya hau har gwiwa. Leɓensa ya fara duhu. Ni na ɗauka tsoron wuƙa yake, ina ta yi mai wa'azin ɗan makaranta, wai Baba ai kowa na tashi. Wata la'asar ya kama rigata ya jawo ni kusa.

"Injiniya, kai wawa na. Ni ba mutuwa nika tsoro ba. Ka san aikina a unguwa?"

"Noma."

"In anka yi mutuwa, ni aka kira. Ni da Malam Ango, abokina. Mu ka dubawa mu ce ta tabbata, mu ka wanka, mu ka sutura." Ya huta, ya ja numfashi. "Da can mu kan sa kaɗa, audugar nan, ga hanci mu zauna mu jira. Yanzu wa ka jira? A kira Bashari mai kemis, shi taho da injin awon jini, shi ɗaura. In bai nuna lamba ba, Ango shi taɓa hannu, shi taɓa wuya, a aika ma masu ginar kabari. Ga zahin rana. Mutum shi faɗi da azahar, la'asar na yi an dawo daga maƙabarta ana gaisuwa." Ya sake hutawa. "To ni in na suma a gona hwa? Ka ce hannu shiru. Injin Bashari mi za shi nuna?"

Na san amsar. Irin wancan injin bugu yake nema. In babu bugu, sai ya yi ta matsa hannu, ya saki, ya nuna ya kasa.

Nic ce, "Ba zai nuna lamba ba."

"Ka gani. Ango da hannunai za shi rufe ni, ina ji, abin ga na kuka cikin ƙirjina."

Nic ce ai sai a yi musu bayani, a kira su yanzu ma. Ya girgiza kai. "Kunne mantuwa garai. Ranar da hankali ya tashi, abin da hannu ya saba shi za shi yi. Sai hannun nasu ya ji tsoro." Sannan ya gindaya sharaɗi: zai yarda a yi aikin, amma in an sallame shi ni zan raka shi har Argungu, kuma ba ni ba Alhaji, ba wanda zai faɗa wa Malam Ango da Bashari komai. Sauran a bar mai. Na yarda shaf-shaf, ban ma tambayi mi yake ƙullawa ba. In dai zai sa hannu.

Anka yi aiki. Allah ya sa anka dace. Abu na farko da ya yi da ya farfaɗo sosai shi ne laluben wuyan hannunsa. Ya daɗe yana nema. Yac ce, "La ilaha illallahu. Na zama rijiya, ruwa na ciki ba motsi." Amma kumburi ya sauka, leɓe ya dawo, ya fara gama zance har da ƙari, ya dawo da tsokanata da ɗan kwatas. Munka koya mai canjin batir, da wankin inda igiyar ta fito a ciki, da cewa shi da shiga gulbi har abada. Wannan ta ƙarshe ta yi mai ciwo. Ran nan ne Ankul mai jarida ya zo ya zauna bakin gadonsa. Ba su da yare ɗaya. Ankul ya miƙa mai hannu, Baba ya kama, ya laluba, bai ji komai ba. Shi ma ya miƙa nasa. Tsofaffi biyu riƙe da hannun juna, kowa na neman abin da babu, sai sunka fashe da dariya. Ni dai a bakin ƙofa nike, ban san ko dariya zan yi ko gudu ba.

Zangon ƙarshe, gida. Na gama jarrabawa, likita ya ba da izini bayan ya haɗa mu da wani likitan zuciya na nan gida da za a riƙa kira, Alhaji ya kafa sola a gidan saboda caji. Munka sauka, munka kwana Birni, da safe mota ta miƙa Argungu. Fadama kore shar, injinan ban ruwa na ta kuka gefen hanya, Baba na kallonsu ta taga yana shafa ƙirji.

Ba a bari labarin isowarmu ya fita ba. Bayan azahar Baba ya sa anka shimfiɗa tabarma a zaure. Ya faɗa wa Inna abin da za a yi, tac ce, "Malam, wanga ba wasan mai hankali ba na," ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ya kwanta miƙe, ya tura jakar ƙarƙashin babbar riga, ya sa na lulluɓe shi da mayafi mai kauri har ƙirji. Yac ce, "Kar ka ce na mutu, ƙarya haramun ta. Aika a ce na faɗi, su taho su duba. Kuma ko mi ka gani, kar ka buɗe baki."

Bashari ya fara isowa da injinsa a leda, matashi, yana haki. Malam Ango na bayansa, dogo, siriri, farin gemu, carbi a hannu, kunnensa ya yi nauyi sai an ɗaga murya. Ya dubi Baba kwance ya dube ni.

"Yaushe kunka iso? Mi ya same shi?"

Na sunkuyar da kai.

Bashari ya ɗaura injin. Ya yi ƙugi, ya matse, ya saki. Babu lamba. Ya sake. Babu. Ya cire batir ya goga a riga ya mayar, ya gwada a nasa hannun, lamba ta fito tas. Ya mayar ga Baba. Babu. Ya ɗago kai, idonsa ya cika. "Malam, inna lillahi."

Baba tsohon mai nutso ne, ya iya ja da numfashi, yana sakinsa kaɗan-kaɗan ƙarƙashin mayafi. Ni da na sani ina ganin mayafin na ɗan motsi. Su ba wanda ya duba nan. Inji ya riga ya yi magana.

Malam Ango ya durƙusa. Ya kama hannu, ya daɗe. Ya taɓa wuya. Ya shafa fuskar abokinsa daga goshi zuwa haɓa. "Manu, ka sha wuyar hanya ka taho ka mutu gida. Allah shi jiƙanka." Ya ciro ƙyalle daga aljihu zai ɗaure haɓa. Na ga ashe abin da Baba ya faɗa a Indiya ba tsoron tsufa ba ne, ga shi gabana yana faruwa, ko sallar la'asar ba a kira ba.

Da zai gyara mayafin sai tafin hannunsa ya sauka bisa ƙirjin Baba. Ya tsaya cak. Kunnensa bai ji ba, hannunsa ya ji. Nic ce a raina, alhamdulillahi, ya gano. Ya janye hannun da sauri awa ya taɓa garwashi, ya ja baya, ya fara karanta ayatul kursiyyu da ƙarfi. Ya juya ga Bashari, fuskarsa ta canja.

"Akwai abu cikin gawar ga. Shina kuka awa zuma cikin tulu. Wani abu ya biyo shi daga ƙasar can. Maza ka gaya ma masu gina, kar a jira kowa. A gaggauta."

Ko Baba bai hango wannan ba.

Sai ga murya daga tabarma, tar, yadda Malam Ango zai ji: "Ango, ashe da gaggawa za ka kai ni."

Bashari ban san ta ina ya fita ba, takalmansa dai sun kwana a zauren. Malam Ango bai gudu ba. Ya zame ya zauna daɓas, ƙyallen a hannunsa. Baba ya tashi zaune, ya yaye riga, ya nuna mai jakar da igiyar, yac ce, "Injiniya, yi mai bayanin jigo." Na yi, da ƙarfi. Na ce in ya faɗi a dubi numfashi, a sa kaɗa ga hanci, a matsa farce a ga ko ja na dawowa, a duba jakar ko tana ƙara, a kira ni, a kira likita.

Malam Ango bai dube ni ba. Baba yake kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Ɗan banza. Tun muna yara kai mugu na. Da zuciyata ta buga hwa?"

"Sai a kai ka Indiya a sa maka naka."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Ango ya matso, ya sake ɗora tafin hannu bisa ƙirjin, wannan karon bai janye ba. Ya daɗe yana ji. Sannan ya tambaye ni, "Yaro, ranar da ta zo da gaske, abin ga shina tsayawa?"

Nic ce, "A'a, Malam. Zai ci gaba da juyawa har sai an kashe shi."

"Ke nan in shina kuka, ko da rai ko babu."

"Haka ne."

Ya dubi ƙyallen da ke hannunsa, ya linke shi, ya mayar aljihu.

"To ka ji, Manu. Ni ban san ka ba yanzu, hannuna bai san ka ba. Ranar da ka faɗi, ba mai taɓa buta, ba mai aika ma masu gina. Ni za ni zauna bakin ƙofar ga da sanda. Ko limami ya taho, sai likita ya ce. Ko za ka kwana bisa tabarma, ka kwana."

Baba ya koma ya kwanta, ya lumshe ido. "Shi ke nan abin da nika so. Ce ma Inna ta kawo fura."

Yanzu dai Baba na nan garau, yana zuwa gona bisa mashin da jakarsa a kafaɗa, yana yi wa masu ban ruwa faɗa. Ni ne na shiga uku. Duk sanda ya ɗan kishingiɗa barcin rana, Malam Ango sai ya zo ya zauna gefensa da kaɗa a hannu, ya sa a kira mai lambata. Ba ya jin abin da nike cewa, ihu kawai yake yi: "Injiniya! Kaɗar ta motsa! In bar shi?" In ce a bar shi, Malam. Yac ce, "Iye?"

Ku dakata, ga shi nan ma yana kira. Bari in ɗauka, ban taɓa bari ta katse ba.